Ta Ce A Rufe Taga

Matan Hausawan da ke Landan, waɗanda muke haɗuwa a suna da walima tun daga Catford har Abbey Wood, sun daɗe da naɗa ni sarautar da ban nema ba. Ni ce mai tantance fim. Idan uwar miji ta zo daga gida, ko an yi baƙi masu nauyi, ko yara sun samu hutu an rasa yadda za a yi da su, sai wayata ta hau ruri. Tambayar ba ta canzawa: "Don Allah wanne ne za a iya kallo da manya?" Babu ruwansu da ko labari ya tsaru ko bai tsaru ba. Abin da suke gudu shi ne ana zaune da suruka a falo ɗaya, jarumi ya fara matsowa kusa da jaruma, a nemi rimot a rasa inda yara suka jefa shi.

Ni kuwa amsata ba ta wuce fina-finan Sinawa, har wasu suna ce mini Hajiyar Caina. Ina da ƙa'ida guda da nake alfahari da ita: ba na ba kowa fim sai na kalle shi ni kaɗai daga farko har ƙarshe. Nakan ce musu in ana son zaman lafiya a fara da na gidan sarauta. Riguna har ƙasa, hannun riga ya rufe 'yan yatsu, yaro ba ya yi wa babba magana a tsaye. Ba abin da zai sa ki sunkuyar da kai, sai dai yawan zuba wa juna guba a shayi. Fina-finan faɗa kuma, waɗanda ake tashi sama ana gudu a kan rufin ɗaki, na mazajenmu ne, don su tuna lokacin da suke satar hanya su tafi silima. Na samarin birni kuwa sai an yi hattara, sun fara koyon rashin kunya kamar kowa.

Ba da wannan sani aka haife ni ba. Ina aiki a sashen ba da magani na wani asibiti a Whitechapel, kuma akwai wata abokiyar aikina, mutuniyar Hong Kong, ta girme ni da kaɗan, bakinta kamar reza. Wata rana muna cin abincin rana na ce mata ai ni na san fina-finansu, tun ina yarinya nake ganin ana karya bulo da goshi. Ta ajiye cokali ta dube ni kamar na zagi kakanta. Abin da ta gaya mini, in an mayar da shi Hausa, shi ne na ci ƙanzo ina cewa na san tuwo. Daga ranar ta ɗauke ni ɗaliba. Takan ba ni fim ranar Juma'a, ranar Litinin ta titsiye ni da tambayoyi tsakanin kwalaben magani. A hankali kunnena ya fara rarrabe harshen mutanenta, wanda ake jan ƙarshen magana kamar ana ciniki, da na mutanen arewacinsu, wanda ake naɗe harshe. Ban iya ko ɗaya ba, rubutun Turancin da ke gudu a ƙasan allo shi ne sandata.

Waɗanda suka kama zuciyata su ne waɗanda ba mai so. Fina-finai ne masu tafiyar hawainiya, na gidaje da tsofaffi da teburin cin abinci. Na taɓa ba wata ƙawata ɗaya daga ciki, washegari ta kira ni tana faɗa: "Ke, wannan ai wasting ɗin lokacina kika yi. Har aka gama ba a yi komai ba, miya kawai suke sha." Ban yi mata musu ba, don ba zan iya gaya mata abin da nake gani a ciki ba. A waɗannan fina-finan iyaye ba sa faɗin abin da ke ransu. Uba zai ɓare lemo ya tura gaban ɗansa ya ci gaba da karatun jarida. Uwa za ta ɗauki tsokar nama da tsinkayen nan nasu ta ɗora a kan shinkafar 'yarta, fuskarta na kallon wani wuri. Ranar da na fara ganin haka sai da na tsayar da fim ɗin, domin na san wannan kawar da fuskar tun kafin in san sunana.

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu a Zariya ba a yi wa kunyar ɗan fari riƙon wasa ba. Ana yaye ni Gwaggo, yayar babanmu, ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma har aka kai ni gidan miji. Mahaifiyata ba ta taɓa faɗin sunana ba. Idan dole ta yi zancena sai ta ce "waccan", ko "'yar gidan Gwaggo". Ƙannena suna kiran ta Umma, su hau gadonta, su buɗe mata kwano, har su yi mata gardama. Ni Hajiya nake ce mata, kamar yadda maƙwabta suke faɗa. In na je gaishe ta sai ta amsa tana duba tukunya. Kowa yaba mata yake, a ce ga mace mai kawaici, irin su sun ƙare. Ni ma na iya yabon. Na sha zama ina yi wa Turawan wurin aiki bayanin al'adar nan da taƙama, ina cewa so ne ya yi yawa har aka ɓoye shi. Amma gaskiyar magana abin yana yi mini ciwo. Ina so, ko sau ɗaya ne, ta dube ni ta gaya mini wata magana wadda tawa ce ni kaɗai.

Na daɗe ban haihu ba. Lokacin da Allah Ya kawo, Gwaggo ta riga ta rasu, ƙanwata mai bi mini ita ma goyo take, aka duba aka rasa wanda zai zo mini wankan jego sai Hajiya. Haka ta sauka a Landan tsakiyar hunturu, da jaka cike da busasshen ganyen wanka da kanwa da yaji, ta shigo ɗan gidanmu na Abbey Wood mai ɗaki biyu, inda in mutum ya yi tari a bayi sai an ji a kicin. Maigidana bai yi wata-wata ba ya nemi ƙarin aiki. In ya dawo sai ya durƙusa tun daga bakin ƙofar falo ya gaishe ta, ya ɗauki abincinsa ya shige ɗaki kamar ɗan haya. Aka bar ni da ita, mu biyu da jariri.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma Hajiya ta nuna mini ana iya yi wa mutum wanka safe da yamma ba a ce masa uffan ba. Ta tafasa ruwa a duk tukunyar da muka mallaka, ta tsoma ganye ta riƙa fyaɗa mini, tururi ya cika gida har na'urar gobara ta kama ihu, maƙwabcinmu na ƙasa ya hau sama a guje da silifa ɗaya. Hannunta na jikina, bakinta kuwa ta samo masa mafita. Jaririn namiji ne, saboda haka ya zama angonta, kuma ya zama ɗan aikenta tun bai buɗe ido sosai ba.

"Ango, ka ce wa mutanen gidan nan kunu zai huce."

"Ango, ka tambaya ina ake ajiye tsintsiya, ko ba a shara a garinku?"

Ni kuma in amsa wa iska. Wani lokaci abin ya ba ni dariya, wani lokaci in shiga bayi in buɗe famfo in yi kukana.

Kwanakin hunturu gajeru ne, ana idar da la'asar duhu ya fara. Tsakanin wankan safe da na yamma babu abin yi. Hajiya, wadda a gida ƙofarta ba ta rabuwa da masu shiga da fita, sai ta ja kujera bakin taga ta zauna da carbi tana kallon motocin da aka jera a ƙasa. Ba maƙwabciyar da za ta leƙo, ba kiran salla sai na waya. Ta ba ni tausayi, amma ban san ta inda zan fara ba. Wata rana da hantsi ina shayarwa na kunna ɗaya daga cikin fina-finaina don in ɗebe wa kaina kewa. Can na ji ta taso. Ta zauna a ɗaya ƙarshen doguwar kujera, ta bar tsakaninmu wurin zaman mutum biyu. Ta jima tana kallo, sannan ta ce:

"Ango, me tsohon nan yake cewa ne?"

Haka na zama tafinta. Idona na kan rubutun Turanci, bakina na zuba Hausa, in zama tsoho, in zama yarinya, in zama mai kanti. Da farko ina cewa "ya ce", "ta ce", amma rubutun ba ya jira, sai na yar da su na koma magana kai tsaye kamar ni ce mai faɗa. Tun da aka haife ni ban taɓa zama da ita na tsawon lokaci haka ba. Abin mamaki kuma, na gidan sarauta da nake tallata wa mutane ba su burge ta ba, ta ce duk munafukai ne masu dogon hannun riga. Masu tafiyar hawainiyar nan da kowa ya ƙi, su take so. Takan yi wa mutanen ciki faɗa kamar suna jin ta. "Kai tsoho, ka ji tsoron Allah, yaron nan bai ci komai ba." Ranar da ta ga ana soya awara sai da ta gyara zama.

"Ango, ashe har can awararmu ta kai?"

Na ce, "Hajiya, ai daga wurinsu ta zo."

"Ango, ka ce wa mai faɗar haka ta daina ƙarya a gaban yara."

Wannan ce gardamarmu ta farko a duniya, kuma na kwana ina jin daɗinta.

Sai dai ita ma ta lura da abin da na lura da shi. Wata rana uwa a fim ta ɗora wa 'yarta nama ta kawar da kai, Hajiya ta gyaɗa kai ta ce, "Ka gani ko, Ango? Waɗannan sun san ya kamata. Ba irin mutanen garinku ba, a rungume ƙatuwar budurwa a tsakiyar titi ana ai-lob-yu." Raina ya ɓaci. Ni ina sa mata fina-finan nan don ta ga abin da shiru yake yi wa 'ya'ya, ita kuma ta samu shaidu a ƙasar Sin cewa daidai take yi. Na ce a raina, to, bari in nemo wanda zai fasa ƙwai.

Ana cikin haka abokiyar aikina ta zo barka, da tukunyar farfesun kaza mai citta. Ashe su ma suna tsare mai jego wata guda, ba ruwan sanyi, ba fita. Ita da Hajiya ba mai jin yaren wani, amma da ta ga na taka ƙasa ba safa, su biyun suka yi mini ca a lokaci ɗaya. Da muka keɓe a kicin na gaya mata abin da nake nema: fim ɗin da uwa za ta buɗe baki ta yi magana. Ta san labarina, na sha ba ta. Ta ce akwai wani, tsoho ne, ba a cika saninsa a waje ba. Ta ƙara da cewa in tabbata na kalle shi ni kaɗai tukuna. Na yi dariya na ce wa take koya wa wannan.

Na kuwa fara kallonsa a waya, washegari da rana, Hajiya na salla. Labarin wata mai sayar da awara ne a ƙauye, wadda ta ba ƙanwar mijinta riƙon 'yarta aka tafi da ita birni. Yarinyar ta girma tana ganin uwar jefi-jefi, kamar baƙuwa. Sai bayan ta zama babbar mace ta dawo ƙauyen, ta tarar uwar ta tsufa har tana shirin sayar da dutsen niƙanta. Kusa da ƙarshe ana ruwan sama, suna zaune su biyu a ɗaki, uwar ta buɗe baki. Na karanta abin da ta faɗa. Daidai nan jariri ya farka da kuka. Na kashe wayar na ce ai na samu abin da nake nema, saura 'yan mintoci, me za a yi a ciki. Ban koma kansa ba.

Na ɓoye shi kamar kayan sallah, har aka yi arba'in, har aka shiga makon da za ta koma. Ranar da na sa shi ana yayyafi, mun gama abincin rana, Ango na barci a tsakaninmu. Tun daga farko fim ɗin ya kama ta. Ta soki yadda matar ke tace waken, ta yaba yadda take yanka awarar. Da aka zo wurin da ake ɗaukar yarinya a sa ta a mota, uwar ta juya baya ta ci gaba da hura wuta, Hajiya ba ta ce komai ba. Ni ma fassara kawai nake, ina satar kallonta ta gefen ido.

Aka zo wurin. Na rage murya, na ja kowace kalma, ban bar ko ɗaya ta faɗi ƙasa ba.

"Duk ranar kasuwa sai na bi ta bayan makarantarku. Na san ajinki, na san tagar da kike zama. Ban taɓa kiran ki ba, domin na san in na kira kika waiwayo, ba zan iya komawa gida ni kaɗai ba."

Carbin Hajiya ya tsaya. Ba ta ce Ango ba, ba ta yi wa matar faɗa ba. Na ji numfashinta ya canza. Na ce a raina yau dai ga ni ga ta, ko tari ta yi zan ɗauka. Na manta gaba ɗaya cewa fim bai ƙare ba, kuma a ɗakin nan na cikin allo akwai mutum na biyu mai baki.

Yarinyar ta ɗago kai ta fara magana. Rubutu ya fito, na karanta shi da idona: Na sani, Inna. Ina ganin kwandonki yana wucewa ta saman katanga. Ban taɓa riƙe ki a raina ba, ko na rana ɗaya. Duk awarar da na ci a birni, taki nake nema.

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Kwana da kwanaki ina zama tsoho ina zama ɓarawo ina zama sarki ba tare da na ji komai ba, amma wannan ta gagare ni. Rubutun ya wuce, wani ya fito. Sai Hajiya ta juyo. Ta dube ni, ni ɗin, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, har na lura ƙwayar idonta ta fara yin fari-fari a gefe. Ba ta bi ta kan Ango ba.

"Ita kuma me ta ce?"

A cikin fim ɗin iska na ta buga wata taga ta katako. Kan tagar idona ya faɗa.

"Ta ce a rufe taga."

Hajiya ta mayar da ido kan allo. Yarinyar na nan tana magana, hawaye na zuba, bakinta bai tsaya ba.

"Duk wannan maganar?"

"Eh. Yarensu ne da tsawo."

Ta ce, "To." Sannan ta sunkuya ta gyara wa jariri mayafi ta ce, "Ango, ashe iska ake yi."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shekara da shekaru ina lissafa abin da ba ta faɗa mini ba, ban taɓa tambayar kaina ko ni ina da abin da zan mayar ba in ta faɗa. Na daɗe ina gaya wa kaina kunya ce ta kama ni, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kunyar ce, amma ba ita kaɗai ba. Yarinyar fim ta ce ba ta taɓa riƙe uwarta a rai ba. Ni kuwa na riƙe tawa, riƙo mai kyau ma, kuma a ranar bakina ya ƙi ɗaukar wannan babbar magana, sai ya ɗauki ta taga.

Ta koma gida ranar da aka tsara. A filin jirgi Ango ta yi wa sallama, ta ce ya gaya wa mutanen gidan su riƙa sa masa hula. Da na koma aiki abokiyata ta tare ni tun ban ajiye jaka ba, ta tambaye ni yadda aka yi. Na ba ta labari. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko na kalla har ƙarshe kafin in sa mata. Na ce a'a. Ta yi tsaki irin nasu, ta juya ta ci gaba da jera magani, ba ta sake ba ni fim ba sai da aka yi makonni.

Na yi niyyar gyarawa, Allah Ya sani. Amma magana irin wannan ba ta waya ba ce, ballantana wayar Hajiya, wadda kullum ƙanwata ce ke riƙe da ita a buɗe, jikoki na ihu a baya. Na ce sai na je gida. Na je, gida cike da mutane, ta amsa gaisuwata tana duba tukunya, na ce sai wani zuwan. A tsakanin nan yarona ya yi wayo, ya shiga makaranta. Ranar farko da na kai shi, bayan an rufe ƙofa, na samu kaina a tsaye bayan shingen makarantar ina leƙen tagar ajinsu, ina addu'ar kada ya waiwayo ya gan ni. A nan, a bakin titi, abin da na riƙe ya sake ni. Maganar yarinyar fim ta zama gaskiya a bakina, sai dai mai jin ta tana Zariya.

Kunnen Hajiya ya fara nauyi a hankali. Da farko sai an maimaita, daga baya sai an ɗaga murya, daga baya ƙanwata ta ce mini ko an ɗaga ba ta ji. Bara muka kawo ta Landan ta ga likitan kunne. Ya duba, ya ce abin ya yi nisa, ya ba ta na'urar da ake maƙalawa. Ta sa ta kwana biyu ta ce kukan gyare kawai take ji, ta naɗe ta a leda ta jefa cikin jakar goronta. Ba ta karanta boko, karatunta na Alƙur'ani ne, ni kuma ban iya rubuta ajami ba. Ba kuma magana ce da za a ba wani ya isar ba. Ango dai ya girma, yana yi mata surutu da Turanci, ita tana ba shi amsa da Hausa a kan abin da bai tambaya ba, kuma duk gidan ba waɗanda suka fi su jituwa.

Wata rana da azahar, yaro na makaranta, maigida na wurin aiki, na zuba mana shinkafa da miyar kaza, kowa da farantinsa, na kawo falo. Kujerar nan ce dai, ba mu canza ba. Na nemo fim ɗin na kunna. Ana nuna dutsen niƙa ta ɗago kai.

"A'a, mai awara!"

Ta kalle shi tiryan-tiryan ba ta nemi fassara ba, tana ba kanta labari a fili, wani wurin daidai, wani wurin nata ya fi na masu fim ɗin daɗi. Ni kuwa ban taɓa abincina ba. Da aka fara ruwan sama a allo na matsa. Na cinye tazarar nan ta mutum biyu har kafaɗata ta taɓa tata, na kai bakina kunnenta na dama, wanda aka ce ya fi dama-dama. Uwar ta gama nata. Yarinyar ta ɗago kai. Ban ko dubi rubutun ba, na haddace shi tuntuni. Na faɗa da ƙarfi, ƙarfin da na tabbata maƙwabcinmu na ƙasa ya ji.

"Na sani, Umma! Ban riƙe ki a raina ba! Taki nake nema!"

Ta ji iskar bakina a kunnenta, ta juyo ta ga leɓena na motsi. Ta taɓa kunnen da yatsa ta girgiza kai. Sannan ta dubi allo, ta ga tagar katako na bugawa, ta ɗan yi murmushi.

"Daina wahalar da kanki," in ji ta. "Na tuna wurin nan. Cewa ta yi a rufe taga."

Har yau ban sani ba ko ta yarda da hakan ne tun ranar farko, ko kuwa asirina take rufawa kamar yadda ta saba rufe nata. Na zauna kafaɗata a jikin tata, hawaye na sauka a kan shinkafa, ba ta matsa ba. Can ta sa hannu a farantinta ta ɗauko cinyar kazar da na zuba mata, ta ajiye a gefen nawa, idonta na kan talabijin. Na ɗauka na ci. A cikin allo yarinyar tana ta magana.